Gitar Alhusseini da Takardar Yamai

Akwai wata magana da nake ji a bakinku, ku da 'ya'yanku, wadda nake so in gyara tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Kuna cewa babanku ne ya fara ƙera gita mai kuran, wato mai aiki da lantarki, a Filinge, kuma daga kansa ya fiddo ta, babu wanda ya nuna masa. Farkon maganar ban sani ba, wataƙila akwai wanda ya riga ni ban ji labarinsa ba. Ƙarshenta kuwa ba gaskiya ba ne. Ni ma na ji daɗin yabon, shi ya sa na daɗe ban ce komai ba. Amma akwai mutanen da ya kamata a ambata, ɗaya daga cikinsu 'yar'uwarku ce, ɗaya kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Abin ya faru ne bayan saukar 'yan gudun hijirar Mali a Abala. A lokacin aikina ya yi sanyi ƙwarai. Masu walda sun karɓe ƙofofi da tagogi, kowa ya koma son ƙarfe, ni kuma sai gyaran bencin lakwal, wato makarantar boko, da ƙafar kujera. Rumfata tana nan inda kuka san ta, bakin kasuwa, amma sau da yawa sai in wuni ina wasa zarto ba don zan yanka komai ba. Wata Lahadi, kasuwa ta cika, wani mutum dogo mai rawani ya tsaya a bakin rumfar ya yi sallama. Buzu ne, ba zai wuce shekara arba'in ba, Hausarsa gajeruwa amma ana ganewa. Ya ce sunansa Alhusseini, daga sansanin Abala yake, an ce masa ni ne mai haƙuri da ƙaramin aiki. Ya kwance wata jakar fata, ya shiga jera abubuwa bisa teburina ɗaya bayan ɗaya: wasu baƙaƙen abubuwa uku masu ɗigon ƙarfe shida-shida, waɗanda ya kira mikoro, ya ce su ke ɗaukar muryar tsirkiya su kai ta ga na'ura, kunnuwa shida na ɗaure tsirkiya, jakin ƙarfe da tsirkiya ke hawa kansa, wayoyi, wata siririyar sandar ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, da wani tsumma da ya ƙulle ƙananan ƙarafa a ciki.

Na ce, "Wanga duka na mine ne?"

Ya ce, "Gitata ce."

Na ce, "To ina itacen?"

Ya ce, "Itacen yana can. Ranar da za mu fito, mai mota ya ce babu wurin kaya, mutane kawai. Na zauna da wuƙa na kwance duk abin da yake ƙarfe. Wuyan na fasa shi a kan dutse na ciro sandar. Itace ana samu ko'ina. Waɗannan ba a samu."

Ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba. Sai daga baya na san da wannan gitar yake ciyar da gidansa a can, biki da suna duk shi ake kira, kuma a sansani yana da mata mai suna Tamu da 'ya'ya uku, ba shi da aikin yi sai bin layi ranar rabon abinci. Ni kuwa ɗan masassaƙi ne. Na taya babana sassaƙa turmi da akushi, na ga yadda ake ɗora wuyan gurumi a jikin ƙwarya. A raina na ce gita ai gurumi ce da ta je birni. Na ce masa ya ba ni wata ɗaya.

Na roƙi wani direba da ke zuwa Yamai ya nemo mini zanen gita. Ya kawo mini takarda biyu da ya saya wurin wani mai baza littattafai a ƙasa. Fotokofin fotokofi ne, an yi ta maimaitawa har layukan sun yi kauri, lambobin da ke gefe sun zama tabo. Siffar gitar tana nan, amma duka-duka ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na ja layuka na raba ta gida-gida, na faɗaɗa ta bisa katako da ido. Wuraren da za a kafa ƙananan ƙarafan wuya, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, su ma da ido na ƙiyasta, na ga dai suna matsowa kusa da juna in ana gangarowa. Sandar ƙarfen nan kuwa takardar ba ta nuna inda take shiga ba, sai na ajiye ta gefe, na ce ƙawa ce irin ta Turawa. Na yi aikin da farin katako, na goge shi sumul, na shafa jan fenti. In faɗa muku gaskiya, ta yi kyau. Har na rataye ta a bakin rumfa don masu walda su gani.

Ranar da Alhusseini ya zo karɓa mutane sun taru. Ya haɗa wayoyinsa, ya jona da batirin mota da wata ƙaramar ampili mai ƙara sauti da ya aro. Ya ɗaure tsirkiyoyin, ya kaɗa su a sake, sauti ya fito garau, kowa ya yi murmushi. Sai ya fara danna wuya yana hawa. Tun ban san kiɗa ba na ji abin ya karkace. Kowace murya tana zuwa kusa da inda ya kamata ta tsaya amma ba ta kai ba, ko ta wuce kaɗan, kamar mai waƙa da mura. Ya sake ɗaurewa, ya sake gwadawa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce gitar ba ta jin Buzanci ne, aka yi dariya. Alhusseini bai yi ba. Ya yi mini godiya ya tafi da ita. Bayan mako biyar ya dawo da ita a naɗe cikin zane. Zafin bazara ya lanƙwasa wuyan, tsirkiyoyin sun tashi sama har yatsa yana shiga ƙarƙashinsu. Ya ce an kira shi wani biki a Abala, karo na farko tun zuwansa, ya yi waƙa biyu ya ajiye ta, sauran bikin da tafi aka ƙarasa.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne, Malam Isa. Ba aikinka ba ne dama. Ka kwance mini ƙarafana kawai."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ya bar ƙarafan wurina zuwa kaka. Ya dube ni, sannan ya ce to.

A gida innarku Haju ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Tana tankaɗe na ba ta labari, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Malam, kai da ko tafi ba ka iya yi daidai, mi ya kai ka ga kayan kiɗi? Maida ma bawan Allah kayanai tun ba ka ɓata su ba."

Na ce, "Na riga na ce mishi kaka."

Ta ce, "To kaka tana zuwa, ko ka shirya ko ba ka shirya ba."

Da aka rufe lakwal, 'yar'uwarku Zalika ta dawo gida hutu. Lokacin tana koyarwa a Damana, shekararta ta biyu ke nan. Ta ga jar gitar a jingine a zaure, ta tambaya, na ba ta takardun nan biyu. Ta juya su sama, ta juya su ƙasa, ta yi ƙoƙarin danne dariya don kada in ji haushi. Ta ce wannan ba zanen aiki ba ne, hoto ne aka ciro daga wani littafi. Kwana biyu tana duba wayarta a gindin itacen bedi, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Rana ta uku ta ce mini akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su auna gita tun daga kai har gindi, su zana ta daidai girmanta, su sayar. Ta ce ta sami wani da masu saye suke yaba aikinsa, kuma tana da abokiyar aiki a Yamai mai katin banki wadda za ta iya saya mata.

Na ce, "Takarda ta cuce ni sau guda, kina so in sake sayen wata?"

Ta ce, "Baba, in likita guda bai gane ciwo ba, ba ka daina zuwa likita. Ka bari in gwada. In ba ta yi ba, ni na ɓata tahiyata."

Ta tafi Yamai ta kwana uku. Ta dawo da wani tiyon roba irin na masu famfo a kafaɗarta, an toshe bakinsa biyu da tsumma. Ta ce ta kai zanen inda ake buga wa magina taswirar gidaje, ta tsaya a kansu don kada su rage ko su ƙara. Ta kuma sayo sababbin ƙarafan wuya wurin wani mai gyaran kayan kiɗa. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaro takardun, muka danne kusurwoyinsu da duwatsu.

Shekara talatin ina aikin katako, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Shafi biyar ne, biyu daga ciki sun kusa tsawon tabarmar. Ga gitar nan kwance da girmanta na gaske, ta gaba, ta baya, ta gefe. Wani shafin ya nuna ta kamar an tsaga ta da zarto gida biyu kana leƙa cikinta: ga ramin kowane mikoro da zurfinsa, ga hanyar da waya za ta bi a cikin itace, ga gurbin da wuya zai zauna. Babu rami ko ɗaya, ko na ƙaramar kusa, da ba a rubuta faɗinsa da zurfinsa ba. An yanka wuyan wuri uku an nuna yadda bayansa yake zagaye, don ka san inda zai yi kauri da inda zai sirance. Kuma ga sandar ƙarfen nan da na raina, kwance a cikin wata doguwar kwata a tsakiyar wuya, an rubuta cewa ita ke hana tsirkiyoyi su ja itacen ya lanƙwashe. A gefe akwai jerin lambobi ashirin da ɗaya, na wuraren ƙarafan wuya, har da gutsuren milimita. Rubutun da Ingilishi yake, wanda Zalika ba ta ƙware a kai ba, amma da taimakon wayarta ta bi shi layi-layi tana rubuta Hausarsa da fensir a gefe, tun da Hausar boko kaɗai na koya a ajin manya. Abin da ya fi kama ni shi ne gargaɗin da mai zanen ya warwatsa nan da can. Nan ya ce a huda kafin a ɗaura kusa don kada itace ya tsage. Can ya ce kowane ƙarfe a auno shi daga kan wuya, kada a auno shi daga na kusa da shi, don kuskure kada ya yi ta taruwa. Duk inda hannun mutum zai iya zamewa, sai ka tarar ya riga ka zuwa wurin. Na ce wa Zalika wannan mutumin ya ɓata katako da yawa kafin ya rubuta wannan.

A ƙasan shafin farko akwai wani layi miƙaƙƙe. Zalika ta karanta abin da aka rubuta a kansa: kafin ka yanka komai, auna wannan layin, dole ya zama milimita ɗari uku cif. Na ɗauko mitata ta katako, mai naɗewa, wadda maigidana da ya koya mini aiki ya ba ni ranar da ya sallame ni. Na ɗora. Ɗari uku da biyu. Na sake ɗorawa. Ɗari uku da biyu. Na miƙe na kakkaɓe rigata.

Na ce, "Kin gani? Ita ma ƙarya ta kai. Tun layin hwarko."

Zalika ta shiga ɗaki ta fito da rular da take koyarwa da ita, ta ɗora, ta ce ɗari uku ne daidai. Na ce ba zan ajiye mitar da na yi shekara talatin ina ci da ita ba saboda robar 'yan lakwal. Na faɗi wasu maganganu da ban kyauta ba, har na ce boko ya sa tana ganin ta fi ubanta sanin awo. Ta naɗe takardar a hankali ta mai da cikin tiyo. Washegari da safe ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta ce in yi haƙuri in raka ta wuri ɗaya. Ta kai ni rumfar Sule mai walda, mutumin da ya karɓe mini rabin aikina, wanda na yi shekara biyu ina wucewa ta gabansa da gaisuwar baki kawai. Ta roƙe shi rularsa ta ƙarfe, ta ɗora bisa layin takardar da ta taho da ita. Ɗari uku. Sule ya karɓi mitata ya jera ta da tasa, ya murza bakinta da babban yatsa.

Ya ce, "Malam Isa, ai bakin ya cinye. Dubi nan, ƙarhen da ke kai ya hita tun tuni, itacen ya goge."

Na duba, haka ne. Milimita biyu sun tafi a hankali cikin shekaru, ban lura ba. A ƙofa ko benci wannan ba ya nuna kansa. A wuyan gita kuwa ya isa ya ɓata komai. Sule bai yi dariya ba, kuma ban manta masa wannan ba. Ya ce in riƙe rular har in gama. A hanyar komawa maimakon in ba Zalika haƙuri da baki, sai na tsaya na saya mata soyayyar gyaɗa kamar lokacin da take ƙarama. Ta karɓa, ta gane.

Saura itace. Takardar ta ce a nemi mai nauyi, busasshe sosai, wanda jijiyarsa ta miƙe, ta kawo sunaye uku. Zalika ta bincika ta ce na biyun ɗan'uwan maɗaci ne. Maɗaci ba ya fitowa a ƙasarmu ta Kurfai, kuma wanda ake kawowa kasuwa ɗanye ne. Amma akwai falanki ɗaya na maɗaci a gidanmu, a saman rafta na ɗakin ajiya. Babana ne ya taho da shi daga Gaya tun ina saurayi, ya rasu bai taɓa shi ba. Tun shekarar da aka kawo innarku gidan nan na yi mata alkawarin zan yi mata ƙyauren ɗaki da shi, a cire na kwanon nan mai ƙara. Kowace kaka sai in ce bana, kowace kaka sai wani abu ya gitta. Ba ta taɓa mantawa ba. Na same ta tana gyaran wake, na zauna kusa, na daɗe ina kewaye-kewaye.

Ta ce, "Katakona kaka so."

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Don baƙon da ka gani sau ukku."

Na ce, "Don shi, kuma don ni. Na ɓata mishi suna gaban mutane, nawa ma ya ɓaci."

Ta ci gaba da gyaran wakenta. Kwana biyu suka wuce. Rana ta uku ta kira Zalika ta ce ta nuna mata takardar. Innarku ba ta karatu, amma ta durƙusa ta bi shafukan da yatsa, tana tambaya wannan fa, wancan fa. Ta tambaya ko matar Alhusseini tana da ƙananan ɗiya, aka ce uku. Sannan ta juyo wurina.

Ta ce, "Ɗauki. Amma da sharaɗi. Ba ka sa zarto ko sau guda sai yarinyar ga tana tsaye ta karanta ma. Ba hannunka nika tsoro ba, Malam, kanka nika tsoro."

Haka aka yi. Damina ta riga ta sauka, don haka da safe ina gona, bayan azahar ina rumfa da Zalika. Ranar da zan yi yankan farko na auna sau huɗu, na yi bisimilla, duk da haka sai da na ajiye zarton na goge tafin hannuna a riga. Babu falanki na biyu. Muka liƙa zanen jikin a kan kwali muka yanke shi, na bi gefensa da fensir. Ramukan na fafe su da kurfi kaɗan-kaɗan, ina tsoma tsinke mai alama in ga zurfin. Kwatar sandar ƙarfe ta ci mini kwana uku. Da na ɗora sandar Alhusseini ta zauna ciki kamar a nan aka haife ta, na fara yarda cewa wataƙila za mu kai. Wuraren ƙarafan wuya su ne suka fi wuya. Sule ya wasa mini wani ƙaramin zarto ya sirantar da shi daidai kaurin da takardar ta ce. Zalika tana karanta lamba, ni ina sa alama da bakin wuƙa, sannan mu sauya, ita ta auna ni in duba. Na goma sha biyu ta ce dole ya faɗa daidai tsakiya tsakanin kan wuya da jaki. Ya faɗa. Sau biyu na ce mata nan zan iya da ido, sau biyu ta ce za ta je ta faɗa wa inna, na haƙura.

Abin bai tafi kyauta ba. Gonar tudu ba ta sami maimai, noma na biyu, a kan lokaci ba, ciyawa ta ci ƙarfinta, geron da muka samu a shekarar bai kai na shekarar da ta gabace ta ba, sai da muka yi tsimi sosai kafin wata kakar. Zalika ta cinye hutunta duka cikin ƙurar katako, ƙawayenta suna ta bukukuwa. Ƙyauren innarku kuwa har yau na kwano ne, kun sani. Ban shafa wa gitar fenti ba a wannan karo. Mai kawai na shafa, maɗacin ya fito da jansa na kansa.

Da aka fara yankan gero na aika wa Alhusseini. Na ce kada ya zo rumfa, ya zo gida, ba na son taro. Ya iso bayan la'asar ranar Lahadi, da batir da ampili a cikin buhu. Muka zauna a zaure, ni da shi da Zalika, innarku tana daga bakin ƙofa wai tana tsintar shinkafa. Ya karɓi gitar ya ɗora a cinya, bai ce ta yi kyau ba. Ya ɗaga ta ya sa ido ɗaya yana leƙa tsawon wuyan. Ya shafa bayansa da tafin hannu sama da ƙasa. Ya ɗaure tsirkiyoyin a nitse. Sai ya kaɗa ta farko a sake, ya danna ta a ƙarfe na goma sha biyu ya sake kaɗawa. Murya ɗaya ce, ta biyun dai ta fi siranta. Ya yi haka ga ta biyu, ta uku, har shida. A ta huɗu ya tsaya. Ya ciro wuƙarsa ya murɗa wata 'yar kusa a jikin jaki, ya sake gwadawa, ya gyaɗa kai. Sannan ya bi wuyan ƙarfe-ƙarfe tun daga sama har ƙasa, yana saurare da kai a sunkuye. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba.

Ya ɗago ya ce, "Malam Isa, babu ƙarya a cikinta ko ɗaya."

Na jingina da bango na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Nauyin da na yi wata huɗu ina ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya, har na ji barci yana neman kama ni tun rana ba ta faɗi ba. Shi kuwa ya fara kiɗa, wani abu mai tafiya a hankali irin nasu, yana waƙa ƙasa-ƙasa da harshensu. Bai kai ƙarshe ba ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido, hannunsa bai tsaya ba. Zalika ta sunkuyar da kai. Innarku ta ajiye faifan, ta shiga ciki, ta fito da fura a babbar ƙwarya ta ajiye gabansa.

Ta ce, "Sha. Ka ce ma matarka ina gaishe ta."

Tun daga kakar nan ba a yin biki a Abala sai da shi. Aka fara kiransa Sanam, aka kira shi Bonkuku, har nan Filinge ya zo sau da yawa, kuma duk zuwan da zai yi sai ya biyo gida. Tamu ta zo ita ma, ta kawo wa innarku matashin fata da ta ɗinka da hannunta. Ni kuma aka fara kawo mini gyara, daga baya na ƙera wasu guda huɗu da takardar nan, kowace na bi ta layi-layi kamar ranar farko. Nan ne maganar ta tashi cewa daga kaina na fiddo. Yanzu kun ji yadda aka yi. Hannun nawa ne, itacen na innarku ne, idon na Zalika ne, sanin kuma na wani mutum ne a wata ƙasa wanda ya zauna ya auna kowane rami tsakani da Allah saboda kafintan da ba zai taɓa gani ba.

Bayan wasu shekaru Alhusseini ya kwashe iyalinsa ya koma gida Mali. Ya zo ya yi mana sallama, na ce ya jira abubuwa su ƙara lafawa, ya ce mahaifiyarsa ta tsufa. Da farko muna jin muryarsa a waya. Daga baya lambar ta daina shiga. Labaran da ke zuwa daga wajen ba masu daɗi ba ne, duk wanda ya fito daga can sai na tambaye shi, babu wanda ya sani. Damina biyu ta wuce haka. Innarku ta daina tambayata, ni ma na daina kawo zancen, amma kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake tunani.

Bara, ana cikin sussuka, Zalika ta zo daga Damana tsakiyar mako, abin da ba ta saba ba. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini wayarta ta ce in saurara, saƙo ne daga wata lambar da ba ta sani ba. Na kara a kunne. Aka yi sallama, na gane muryar tun kafin ya faɗi sunansa. Ya ce suna lafiya su duka, sun sauya gari sau biyu, wayarsa ta ɓata, sai yanzu ya sami lambar Zalika a cikin wata tsohuwar takarda. Ya ce Tamu ta haifi mace. Ya gaishe da kowa da sunansa, har Sule. A ƙarshe ya ce kunne ɗaya na gitar ya karye, akwai mai zuwa birni da zai sayo masa wani, amma yana tambayar faɗin ramin, ko Malam Isa yana iya tunawa.

Na saurara sau uku. Innarku ta karɓa ta saurara sau biyu, tana share ido da bakin zane. Ban iya tunawa ba, amma na shiga ɗakin ajiya na sauko da tiyon, muka warware shafi na uku bisa tabarma. Zalika ta bi da yatsa har kan gitar.

Ta ce, "Ga shi nan, Baba. Milimita goma."

Na ce, "To danna mini in gaya mishi da bakina."